Kututturen Kirya da Tokar Inna

Shekarar da aka ɗora mani shugabancin masu tsaron gobara a ƙauyenmu, a shekarar ce na sa wa kututture wuta a gonata. Na fara da wannan ne don kada mai karatu ya ɗauke ni mutumin kirki a farko, ya zo tsakiya ya ji haushi.

Ƙauyenmu yana ƙasar Dudunni, cikin Kusada. Gero muke nomawa da dawa da wake. In kaka ta wuce, hatsi ya shigo gida, abin da ke saura a daji shi ne kara da harawa. Duk mai shanun noma ya san harawa ba ƙaramar dukiya ba ce, ita ke riƙe mashi dabba har faɗuwar ruwa. Wasu su ɗora ta a kan itace, wasu su kafa rumfa a gona su jibge ta kafin su samu sukunin kwasowa. A wannan tsakanin ne wuta ke yi mana ɓarna. In masu farautar gafiya ba su tada ta ba, mai shan taba ya tada.

Malamin gona da ke zuwa mana daga Kankiya shi ya kawo shawarar a kafa masu tsaro. Mutumin Kudu ne, Kirista, amma ya daɗe a ƙasar nan, har in yana magana a bayan danga sai ka rantse Bakatsine ne. Ya tara mu a ƙofar mai unguwa, ya ce kowa ya kankare ciyawa ya kewaye harawarsa da fili, kuma kada wanda ya kunna wuta a gona sai an gama kwashe komai. Da aka zo maganar wanda zai shugabanta, mai unguwa ya nuna ni, don na yi firamare, ina iya rubuta sunayen mutane. Ban ce a'a ba. Gaskiya ma daɗi na ji. Aka ba ni usur irin na alƙalin ƙwallo, na rataya a wuya, na shiga bin gida gida ina gargaɗi.

Cikin waɗanda na je wa har da Inna mai toka. Ba ita ta haife ni ba, ba mu ma haɗa jini ba. Mijinta, Allah ya jiƙansa, abokin mahaifina ne, kuma duk ƙauyen Inna muke ce mata. Sana'arta ke nan tun ina yaro: ta tara karan gero a wani fili bayan gari ta ƙone, ta kwashe tokar ta zuba a tsohuwar tukunya mai huda a gindi, ta tsiyaye ruwan, ta dafa shi har ya daskare. A wurinta matanmu da na maƙwabta suke samun tokar miya, da ita kuma take yin sabulun salo. Ɗiya ɗaya gare ta, tana aure a Mawashi, kuma ta sha aikowa a kan Inna ta tattara ta koma can. Inna ta ƙi. Ta ce muddin tana iya ciyar da kanta da tokarta, ba mai fitar da ita daga ɗakin mijinta ya kai ta zaman gidan suruki. Kowa ya san da wannan magana. Ni ma na sani.

Malamin gona bai hana ta ƙona kara ba, tunda filinta ba gona ba ne. Na dai ce mata ta riƙa yi da sassafe kafin iska ta tashi, kuma kada ta bar wurin sai garwashi ya mutu. Ta dubi usur ɗin da ke wuyana ta tambaye ni na kiran wutar ne ko na korarta. Ta ce tana ƙona kara tun uwata ba ta iya tuƙa tuwo ba. Muka yi dariya, ta ba ni ruwa na sha na wuce.

Shi kuwa kututturen na kirya ne, a cikin gonata. Mahaifina ya sare itacen tun ban yi wayo ba, amma kirya ba ta san ruɓewa ba, gara ma ba ta kula ta. Sau biyu saiwarsa na karya mani bakin garma, har maƙerin garinmu in ya hango ni sai ya ce ga mai noman ƙarfe nan tafe. Na sa gatari, gatarin ya dakushe. Wani surukina na garin Ƙofa ya koya mani dabarar da suke yi: a haƙa gindin kututture, a cika da busasshen kashin shanu da ƙaiƙayi, a kunna, a rufe da ƙasa a bar 'yar kafa. Wutar ba ta tashi sama, ƙasa take bi tana cin saiwa a hankali, wani lokaci kwana da kwanaki.

Da na bari an gama kwashe harawa, da ba abin da zan rubuta yau. Amma shanun Fulani sun kwana biyu a gonata, kashinsu ya bushe, na ga kamar ba zan ƙara samun irinsa ba. Na ce wa kaina wutar sama malamin gona ya hana, wannan kuwa ta ƙasa ce. Na ƙara ce wa kaina ni ne shugaba, ni na san wuta. Ranar Talata da safe na kwashi ƙaiƙayi cikin buhu daga inda matata ta yi sussuka, na je na yi aikin, ban gaya wa kowa ba. Laraba na leƙa, na ga hayaƙi siriri yana fita. Alhamis ban ga komai ba. Na taka wurin da takalmi, na ji ɗan ɗumi, amma rana ma tana dukan ƙasar. Na ce ta mutu. Ban tona ba, ban zuba ruwa ba, ban kuma kankare ciyawar kewaye ba, abin da na bi gida gida ina gaya wa mutane.

Don a gane abin da ya biyo baya, ga yadda wurin yake. Gonata ce a gabas. Yamma da ita gonar maƙwabcina, wani dattijo mai bijimai biyu, wanda ya kafa rumfar harawa a tsakiyar gonarsa. In ka ƙara yin yamma sai filin da Inna ke ƙona kara, sai gari. A kan iyakata da maƙwabcin akwai jerin gamba da muka bari, ta bushe ƙayau, kuma kututturen bai da nisa da ita.

Ranar Juma'a maza muka tafi masallaci Kusada, aka bar mata da tsofaffin da ba su iya tafiya. Muna dawowa, mu uku a kan babur ɗaya, muka hangi hayaƙi. Mai tuƙi ya ce na Inna ne. Na bayana ya ce karan Inna bai yin baƙin hayaƙi haka. Ni kuwa kututturen ne ya faɗo mani a rai.

Abin da na tarar ba na iya jera shi daidai, don ko a lokacin ban san ina ne gaba ina ne baya ba. Mata sun bazu cikin gonaki, wasu da rassan sabara suna duka, wasu na watsa ƙasa da kwano, wata da jiƙaƙƙen buhu. Wutar na gudu cikin tushiyar gero da busasshiyar ciyawa. Ba ta wuce gwiwa ba, amma in ta iske gamba sai ta miƙe ta fi mutum tsawo. Na busa usur. Ban san me nake nufi da shi ba, mutane ma ba su sani ba. Wasu suka tsaya suna kallona, wasu suka rugo wurina suka bar inda suke kashewa. Na tuna malamin gona ya ce kada a tari wuta gaba da gaba, a bi ta gefe ana matse ta. To ina ne gefen? In na ce a yi kudu sai iska ta juya, in na ce a dawo sai hayaƙi ya rufe mu, mai kusa da kai ma ba ka ganinsa. Ana cikin haka guguwa ta taso ta ɗauki karmami mai ci da wuta ta yar a bayanmu.

Rumfar harawar ta kama a idona. Maƙwabcina, da babbar rigarsa ta Juma'a, ya kutsa zai jawo ɗauri ɗaya, sai da mutum biyu suka riƙe shi. Wani tsoho da ya dogara sanda ya zo, shi ya ce a rabu da abin da ya riga ya kama, a sha gaban wutar a burtali, inda shanu suka tattake ciyawa, a ƙara faɗinsa da fartanya. Maganarsa aka bi, ba tawa ba. Wajen la'asar wutar ta iso burtalin ta rasa abin ci, muka ƙarasa ta da ƙasa.

A lokacin ne aka ga Inna zaune a gindin wata aduwa, bakin zanenta ya ƙone, tafin ƙafarta duk ya ɗuri ruwa, a hannunta reshen sabara da ba sauran ganye. Matan suka ce ita ta fara kai wa wutar hannu, ita kuma ta yi kururuwar da ta fito da su. Tun daga filinta har bayan gonata ƙasa ta yi baƙi, ba ka gane inda aka fara da inda aka ƙare.

Asabar da hantsi aka taru a ƙofar mai unguwa. Aka bi ta bakin matan da suka fara fitowa. Wata ta ce iska daga gari take busowa, wata ta ce daga gabas. Wata ta ce can nesa ta fara hango hayaƙin, wata ta ce a bayan dangarta ta gan shi. Abu ɗaya ne ba a yi gardama a kansa ba: kowa ya ga Inna ta ƙona kara da safiyar Juma'a. Aka kira ta, ta zo tana taka dunduniya, aka shimfiɗa mata tabarma a gefe. Ba ta musa ba. Ba wanda ya san da kututture sai ni.

Mai unguwa ya juyo gare ni.

"Kai ne shugaba. Me ka gani?"

"Ranka shi daɗe, ni dai na je har gida na gargaɗe ta."

Ba ƙarya a cikin abin da na faɗa, shi ya sa har yau ya fi ƙarya ci mani rai. Ban shirya shi ba, fitowa kawai ya yi. Na ga mutane suna gyaɗa kai, na ji nauyi ya sauka daga kafaɗata, na kuma san inda ya koma.

Aka yanke cewa Inna ta bar ƙona kara, ba bana kaɗai ba, gaba ɗaya. Aka ce shekaru sun ja, ido ya rage. Maƙwabcina ya ce ya yafe mata saboda Allah, alhali bai san me zai ba bijimansa ba. Inna ta ce to. Ba ta dube ni ba, ko kuma ta dube ni ni ne ban ɗaga kai ba.

Lahadi da safe na je gonar. Kututturen babu shi, rami na tarar, cike da farar toka. Na tura hannu na janye, har lokacin da zafi. Na ce ai wutar daji ta bi ta kansa, dole ya yi zafi. Wata zuciyar ta ce wutar da ta wuce a guje ba ta cinye kirya har ƙasa. A gefen ramin akwai kafa, inda babbar saiwa ta ƙone ta bar gurbinta, kuma yamma ta nufa, wajen gamba. Na saro doguwar tsumagiya na zura, ta shige duka. Na zaro na gwada a saman ƙasa, na ga saura kamar taku ɗaya ta kai iyaka. A daidai nan saiwar ta taso kusa da sama, ƙasar ta tsattsage ta yi baƙi. Amma ko'ina baƙi ne. Ko ta nan wutar ta ɓullo, ko a nan ta mutu. Na daɗe tsugune ina kallon tsagar kamar za ta yi magana.

Daga nan na waiwaya gabas da yamma, ban ga kowa ba, na sa fartanya na cike ramin, na tattake. Wannan ma yana cikin laifuffukana, kuma shi da gangan na yi.

Tsakiyar mako malamin gona ya zo duba ɓarnar, ni na raka shi. Ya nuna mani cewa wuta na barin sawu: itace yakan fi ƙonewa ta gefe ɗaya, ragowar ciyawa kuma takan kwanta ta nuna inda aka fito. Ya riƙa tsugunawa yana dubawa. Kusa da filin Inna, ya ce wutar gabas ta nufa. Na ji sanyi a raina. Da muka iso gonata ya duba wata sabara da gindin wani marke, ya ce nan kuma kamar yamma ta nufa. A tsakiya kuwa awaki da mutane sun tattake komai. Ya miƙe ya karkaɗe gwiwar wandonsa, ya ce ko dai wuta biyu ce suka haɗu, ko kuma ɗaya ce iska ta yi wasa da ita, shi ba zai ɗora wa kowa ba. A kan ramin da na cike yake tsaye yana wannan magana. Ya dubi sabuwar ƙasar da ke ƙarƙashin takalminsa, ya dube ni, sannan ya tambaye ni lafiyar shanuna. Har yau ban san ko ya gane ba.

Wuta biyu. Wannan ban taɓa kawo ta a raina ba, kuma maimakon ta sauƙaƙa mani sai ta ƙara dagula ni. In tawa ce, na zalunci tsohuwa. In tata ce, me zan je in faɗa? In kuma duka biyun ne, wacce ta cinye harawar? Sai in kama hanya zan je wurin mai unguwa, in na kai rabi in ce mutum bai shaidar abin da bai gani ba, ko da a kan kansa ne, in juyo. In na dawo gida kuma in ce ai ba a tambaye ni wa ya tada wuta ba, an tambaye ni me na gani, kuma na ga hayaƙi ranar Laraba. A sallah sai in rasa raka'a nawa na yi. Na ci gaba da zagayen gonaki ina duba wa mutane kewayen harawarsu, ana ce mani sannu da ƙoƙari.

Inna kuwa ta zauna a gida. Ƙafar ta warke, amma ba aikin yi. Ɗan abin da ta ajiye na toka ta sayar ya ƙare. Mata suka koma kanwa, wasu na sayo toka daga kasuwar Kankiya suna cewa ba ta kai ta Inna ba. Amma kuma su ɗin ne in ta wuce suke yin shiru. Matata takan aika mata da tuwo. Wani lokaci ta karɓa, wani lokaci a dawo da kwanon yadda aka kai shi, a ce ta ce ta ƙoshi.

Wata rana da yamma matata na kaɗa miya, ina zaune a bakin ɗaki ina gyaran igiyar shanu, ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

"Malam, ƙaiƙayin nan da ka kwasa ranar Talata, ban ga ka ba dabba ba."

Na ci gaba da gyaran igiyar.

"Ni ban ce kai ne ba. Ban je gonar ba, ban gani ba. Amma dai an tambayi Inna ta faɗi nata."

Ba ta ƙara ba. Ashe tun ranar ta sani, ko ta yi zato, tana jira ta ga abin da zan yi. Na so in yi mata faɗa, na rasa a kan me. Kuma duk da haka sai da na ƙara kwana goma. Ba ni da hujjar waɗannan kwana goman. Na nema ban samu ba.

Da hantsi na je. Na iske Inna a inuwar ɗakinta tana tsince tsakuwa daga wake a faifai. Muka gaisa, ta tambayi mutan gida, na durƙusa na gaya mata komai, tun daga karyewar garma har cike ramin. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce wutar tata ce. Ta ce ranar ta bar garwashi bai gama mutuwa ba ta koma gida, don ta tuna ba ta ɗaure akuya ba, da ta dawo ta iske wuta. Na tambaye ta a ina ta iske wutar. Ta ce ko'ina, hayaƙi ya cika mata ido. Na ce saiwar tawa ta kai dab da gamba.

"Ka ga ta fito?"

"Ban gani ba, Inna."

"Ni ma ban ga tawa ta tashi ba. Amma na bar garwashi."

Muka yi ta ja, ina cewa tawa ce tana cewa tata ce, kamar masu jayayyar akuya a kasuwa. Wanda ya ji mu daga waje zai ce abin arziki muke rabo. Har ta ɗan yi dariya ta ce ko wuta ma sai na ƙwace wa tsohuwa. Ni ma na fara murmushi, ina ganin abin ya zo da sauƙi. Sai ta ajiye faifan a cinya.

"Ranar Asabar ɗin nan, da ka ce ka gargaɗe ni, ka san da kututturen?"

"Na sani."

Ta ɗauki faifan ta ci gaba da tsince wakenta. Ta tsinci tsakuwa uku ko huɗu tana jefarwa kafin ta ce in tafi in gaya wa mai unguwa, ba ita ta hana kanta ƙona kara ba.

Na tafi a ranar. Mai unguwa ya sa aka kira maƙwabcina da dattawa, na maimaita a gabansu. Na ɗauka za a zage ni, abin ya ƙare. Ba haka aka yi ba. Maƙwabcina ya dafe kai ya ce to shi yanzu wa zai yafe wa? Ya ce ranar Asabar da baki kawai ya yafe wa Inna, sai da ya yi wata guda yana kokawa da zuciyarsa kafin ta bi bakin, yanzu kuma a ce ya sake sabon lale da ƙato mai gemu. Daga nan ya ce tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, shi ma rabin kewayen rumfarsa ya kankare, ya bar rabi sai bayan Juma'a. Mai unguwa ya ce wuta ɗaya ta samu iyaye uku, shi bai taɓa ganin irin wannan shari'a ba.

Aka ce a je a duba ramin. Muka ɗunguma. Aka tona inda na nuna, aka samu toka a gauraye da ƙasa, gurbin saiwar kuwa ya rufta tun da na tattake shi. Abu ɗaya da wataƙila zai wanke Inna, ni da ƙafata na lalata shi. Mutane suka rabu. Wasu suka ce ni ne, ba shakka. Wasu suka ce tausayin tsohuwa ne ya sa nake jawo wa kaina, har wani ya dafa ni ya ce Allah ya biya. Wasu suka ce ita da bakinta ta amsa ta ƙona kara ranar, me ake nema kuma? Na yi ta cewa ban ce ni na tada wutar ba, na ce ne na ɓoye, amma ba wanda ya tsaya ya ji bambancin. Ni kaina ina cikin faɗa sai na ji kamar ban gane ba.

A ƙarshe mai unguwa ya ce tunda ba a san ta wane ne ba, bai kamata mutum ɗaya ya ɗauka ba. Ya ɗage hanin da aka yi wa Inna. Ni kuma ya sauke ni daga shugabanci. Maƙwabcina na raba harawata da shi, ya karɓa, amma ya daɗe bai amsa sallamata da sakin fuska ba.

Na wuce kai tsaye in kai wa Inna labari. A tsakar gida na iske ɗiyarta, ta iso daga Mawashi, tana naɗe tabarmi. Ashe cikin kwana goman nan da na yi ina juya magana, hatsin Inna ya ƙare, ta aika a gaya wa surukinta ta yarda. Shi kuma har ya yi wa ɗaki sabon jinka ya share mata. Na gaya masu an ɗage hanin. Ɗiyar ta ce madalla, ta ci gaba da naɗe tabarma. Inna ta ce wane kara za ta ƙona yanzu, an gama kwashewa, wanda ba a kwashe ba wuta ta ci. Na ce zan ba ta nawa, zan ba ta hatsi har kaka. Ta ce ita da ta ƙi cin tuwon suruki ba za ta zauna cin nawa ba. Ban da haka ta riga ta ba mutum magana, ya yi wahalar jinka, ba ta mayar da shi ƙaramin yaro.

Na roƙa a bar ni in kai kayan. Washegari na ɗaura wa shanuna amalanke, muka loda gadonta da akwati da tukwane. Ɗiyar ta yi gaba a kan babur, Inna ta ce ita ƙashinta bai son babur, ta hau bayan amalanken ta zauna a kan ƙullin kaya. Ta ja ƙyauren ɗakin da kanta kafin ta hau. Muka yi tafiya mai tsawo, ƙafar amalanke na ƙara, tukwane na gwaruwa. Da muka hango rumbunan Mawashi na ga in ban yi magana yanzu ba, ba zan samu yi a gaban surukinta ba. Na ce, ban juyo ba, Inna ki yafe mani.

"Wutar na yafe maka, in taka ce. In tawa ce, kai ma ka yafe mani wahalar da na sa ka."

Na ce na yafe. Na jira. Shanun suka yi taku da yawa.

"Maganar ranar Asabar kuwa, bari in ƙara kwana biyu tukuna."

Na ce to. Muka shiga gari, surukin ya fito ya tarbe mu, ya yi mani godiya ƙwarai a kan ɗawainiya, ya sa aka kawo mani fura. Na sha, don ban san yadda zan ƙi ba.

Tana can har yanzu. Nakan je gaishe ta in hanya ta bi da ni, wani lokaci ma in hanya ba ta bi ba. Takan tambayi matata da shanuna, ta tambayi wa ya mutu wa ya haihu, ta kuma tambayi ko rufin ɗakinta na nan. Nakan ce yana nan, don ina gyara shi kafin damina. Ba ta sake tada waccan maganar ba, ni ma ban sake tambaya ba.